Abin da Ke Kai Muntasir Coci

Samaru, Zariya

Zuwa ga Yaya Uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma aikin Fatakwal yana tafiya daidai. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi, ƙafar Inna ma ta lafa, har tana fitowa tsakar gida. Rubutu na zaɓa don na san in waya na buga maka, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshen magana ba.

Yaya, maganar ƙaninmu Muntasir ce. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, ana ganin shi yana shiga wani coci a Sabon Gari duk ranar Talata da yamma. Da maganar ta bazu, baban matarsa Raihana ya zo ya tafi da 'yarsa da jaririyarta, ya ce babu aure tsakanin musulma da wanda ya yi ridda. An tsare Muntasir da tambaya, sai dai ya sunkuyar da kai. Ka san ni da rashin haƙuri. Talatar da ta wuce na tari Keke Napep na bi bayansa, raina a ɓace, da niyyar in jawo shi waje da wuyan riga. Ashe ba cikin cocin yake shiga ba, wani ɗan aji ne a baya. Wani Bayarabe mai suna Lanre ya tare ni a ƙofa, ya ce in yi haƙuri, baƙo ba ya shiga. Na ɗaga murya sai da Muntasir ya ji ya fito, ya ja ni gefe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, giya yake sha. Muntasir ɗinmu! Ya ce tun yana jami'a ya fara, ta zo ta fi ƙarfinsa, wannan kuma taron masu neman daina sha ne. Ka tuna warin nan da muke ji a jikinsa, da tangaɗin da yake yi, har Inna ta ce iska ce, aka yi ta yi masa ruƙiya da hayaƙi? Ashe mu ne ba mu san warin giya ba. Gida guda cike da manya, muna ta korar aljanin da babu shi.

Ya ce ya daɗe yana neman inda zai kai kansa. Ya tambaya a wani kemis, aka miƙo masa maganin barci. Ya je wurin wani malami, malamin ya gaya masa haramun ce, abin da ya sani tun yana allo. Ya duba a waya, duk tarukan da ya gani suna can Legas da Abuja. Sai ya haɗu da Lanre, wanda a da tare suke sha, ya gan shi fes ya yi ƙiba, Lanren ne ya kawo shi nan. Cocin ɗaki kawai ya ara musu. Ba wa'azi ake yi ba, zama suke yi kowa ya faɗi yadda ya yi fama da ransa a makon. Da idona na hango butoci da tabarma a lungu, don akwai musulmi a cikinsu.

Na tambaye shi don me ya yi shiru har aurensa yana neman mutuwa. Ya ce kunya ce, sannan in ya faɗi abin da ake yi a ajin, ya tona asirin duk wanda aka taɓa gani yana shiga, alhali sun yi wa juna alkawari. Na rasa ko in mare shi ko in rungume shi. Ya kuma ce tun da Raihana ta tafi, har ƙofar mashaya ya je ya tsaya, tunanin Talata ne kawai ya juyo da shi.

Yanzu 'yan taron sun ce ya je ya faɗi nasa, ban da sunan kowa. Yana so ya gaya wa baban Raihana da bakinsa, ko ya mayar masa da ita ko ya ƙi. Don Allah ka zo ka tsaya a gefensa, kai ne babba. Na san abin da za ka fara cewa shi ne ya daina zuwa wurin don bakin mutane. Kada ka faɗa, Yaya, in ka hana shi mun rasa shi. Inna kuwa ba ta san komai ba tukuna. Kullum tana kan sallaya tana kuka Allah ya dawo mata da ɗanta musulunci, ni kuma na kasa buɗe baki in ce mata bai taɓa fita ba, don na san tambayar da za ta biyo baya. Ka zo mu gaya mata tare.

Ka gaida Anti Kaltume, ka shafa min kan Abdulrahim. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Naila