Jinin Sada Ya Fi Nawa?

Gobarau, Katsina
3 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Muhsina, sanyin idona, ruwan randata a tsakar ranar bazara, wadda jin sunanta kaɗai ke sauke mani gajiyar wuni. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya Baba da Inna? Ya jikin Yaya Sabuwa? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tuna ranar da soja suka miƙa mulki? Na gyara rediyon Baba, muka zauna a soronku muna sauraron rantsuwa, kika rufe baki da gyale kika ce kafin farar hula su cika shekara kin zama tawa. Wallahi daga Ƙofar Sauri har gida ban san ƙafata ta taka ƙasa ba!

Ashe 'yar takarda ce za ta shiga tsakaninmu. Ke kika nace mu je gwajin sikila, saboda wahalar da yayarki ke sha da amosanin jini. Aka soka mana allura, ina ta tsokanarki don kin runtse ido. Sakamako ya fito, ke AS, ni AS. Likita ya ce lafiyarmu ƙalau, amma in muka yi aure, duk cikin da za ki ɗauka, ɗaya cikin huɗu ne jaririn zai iya zuwa da ciwon. Tun ranar ba ki sake fitowa zance ba.

Sai ga Sada mai kemis! Sadan da ko gaisuwarshi ba ki amsawa da kyau! An ce ya kai wa Baba takardar gwajinshi tun kafin ya aiko da goro, AA ɓaro-ɓaro. An ce shi ke karanta maki katin Yaya a asibiti: wannan ƙarancin jini ne, wannan shawara ce ta sa idonta ya yi ɗorawa, gobe hoton ƙirji. Ke kuwa kina gyaɗa kai, kina kallon bakinshi. Da aka nemi ƙarin jini na zo a guje na miƙa hannu, aka ce nawa bai dace da ita ba, aka ɗibi nashi ina tsaye.

Kishi nake, Muhsina, ba zan ɓoye maki ba. Mi ya yi ya samu wanga jini? Saye ya yi? Jarabawa ya ci aka ba shi? Ina na'urar da za a ɗora mu a kai, ni da shi, a auna wanda ya fi sonki? Ko ƙarar babur na ji ta nufi unguwarku sai in ce Sada ne ya tafi wurinki.

Don Allah, farin watana, roƙona ɗaya. Kafin Baba ya amsa mashi, mu sake gwajin a wani asibiti. In ya sake fitowa haka, na haƙura, ba zan ja ki ki haifi ɗan da zai yi ta kukan ciwon gaɓoɓi a cinyarki ba. Da bakina zan ce ki aure shi. Amma kada ki aiko mani da goron gayyata, don ba zan iya ɗaga hannu in shafa wannan fatihar ba.

Naki, ko kina gidana ko kina gidan wani, har ranar da za a sa ni a ƙasa,

Gwadabe mai gyaran rediyo