Tawul a Kan Madubi

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya gajiyar hanya? Mu nan duk lafiya lau.

Mun ji Koci, mai horar da ke, ta karɓe wayarki har sai an gama gasa, don kada ki riƙa karanta abin da mutane ke rubutawa a kanki. Mama ta ce wannan wace irin rayuwa ce, 'yarta tana otal a gari ɗaya da ita amma ko muryarta ba ta ji. Maƙwabcinmu Mai Ƙanƙara shi yake kai ƙanƙara filin wasanku kowace safiya, ya ce in rubuta zai riƙa miƙa miki. Idan kin ga takardar ta ɗan jiƙe, ba kuka na yi ba.

Jaridar yau ta kawo 'yan wasan da ta ce a zuba wa ido a gasar tanis ta bana. Akwai Doguwa, wadda ta ɗauki kofin bara, an ce idan ta buga ƙwallon fara wasa ba a ganinsa sai dai a ji ƙara. Akwai Bahaguwa. Akwai wadda ta je ta haihu ta dawo, a shagon askin Baba kuwa, Maijego suke ce mata. Sai ke daga ƙasa, da ƙaramin hoto, an rubuta 'Yar Mai Aski. Sun ce ƙafarki ta fi ta kowa sauri, kuma ba kya gajiya da mayar da ƙwallo har sai abokiyar karawarki ta ƙosa ta yi kuskure. Malamar ajinmu ta karanta a gaban aji, kowa ya juyo yana kallona. Na rasa inda zan sa kaina.

Tikitocin da kika aiko sun iso. Na kai wa Baba nasa shago. Sai da ya goge hannu kafin ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa a aljihun teburin da yake ajiye reza. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ni kuma na kasa tambaya.

Allah ya ba da sa'a.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Litinin

Auta,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso a jiƙe kamar yadda kika ce. Wai ke har yanzu da "bayan gaisuwa mai yawa" kike rubuto mini, sai ka ce ni ce shugabar makarantarku? Ki gai da Mama, ki ce mata ina cin abinci.

Kada jarida ta ruɗe ki. Doguwar nan a ɗakin canza kaya farcenta take ci kamar kowa. Idan na ci wasan gobe, da ita zan haɗu ranar Alhamis.

Sai maganar Baba. Mai Ƙanƙara bai iya riƙe magana ba, ya gaya mini abin da ku kuka ɓoye. Ya ce duk ranar da aka nuna wasana a talabijin ɗin shago, Baba baya yake juyawa, har ya rataya tawul a kan madubi don kada ya hango ni ta ciki. Da ina bugawa a nesa ina cewa nisa ne ya hana shi zuwa. Yanzu fa? Filin nan da ƙafa ma ana zuwa daga shago. Idan kayan wasan ne ba ya so, ko wasan ne gaba ɗaya yake jin kunyarsa, ya faɗa mini. Shi ya fara kai ni bangon bayan makaranta, shi ya ɗaura igiya ya ce ga raga. Ban san ranar da na zama abin rufe madubi ba.

Idan aka gama gasar nan kujerarsa ba kowa, daga otal filin jirgi zan wuce. Ba fushi nake ba. Na gaji da zuwa gida muna gaisawa kamar baƙi. Ke da Mama sai ku zo nan mu yi sallama.

Ki kula da karatunki.

Yayarki

Ranar Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa, barka da nasara. Mama ta dawo daga fili muryarta a dishe, ta ce ita ba ta gane lissafin ba, duk lokacin da na kusa da ita suka tafa ita ma sai ta tafa. An ce sau da yawa abokiyar karawarki Mama ta tafa wa.

Ni ban je ba saboda makaranta. Da aka tashi na wuce shago yin shara kamar kullum, na tarar ana tsakiyar wasanki. Zan faɗa miki abin da na gani, ba ƙari.

Shagon cike yake, har da waɗanda kansu ba gashi. Tawul ɗin yana kan madubi, shuɗin nan mai bakin zare. Baba ya ba talabijin baya yana yi wa Tsohon Soja aski. Amma Yaya, ba aski yake ba. Wuyan mutumin yake kallo, shi kuma mutumin idonsa na kan talabijin. Idan wuyan ya sandare, sai ya ɗaga almakashi ya tsaya. Idan ya saki, sai ya ɗan yanka. Aka gama turmin farko rabin kan ne kawai aka taɓa. Tsohon Soja ya ce, "Mai aski, kai ba ka kalla ba, ni ba ka sallame ni ba. Haka zan koma wa matata da rabin kai?" Baba ya ce masa ya daina motsi. Tsohon Soja ya ce ai motsin nasa ake sauraro.

Da kika ci, shagon ya kaure. Baba bai juyo ba. Kujerar aski ya hau ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Bayan kowa ya watse na tambaye shi. Ƙasa nake kallo ina shara, da na kalle shi ba zan iya ba. Na ce Yaya tana ganin kunyar wasanta yake ji. Sai ya ce, "Ita ta hana ni."

Ya ce kina ƙarama, a wata gasar yara, ya rufe shago ya tsaya jikin wayar shingen filin. Kowane bugu sai ya yi fito ya faɗa miki yadda za ki yi, har alƙalin wasa ya yi masa kashedi a gaban mutane. Kika ruɗe, aka cinye ki. A hanyar gida kina bayan kekensa kina kuka, kika ce ya yi miki alkawari ba zai ƙara kallonki kina wasa ba. Ya yi. Ya ce kuma daga nan kika fara ci, shi ya sa ya gane gaskiyarki ce.

Na ce ai ga tikiti kin aiko. Ya ce tikiti kowace 'yar wasa ana ba ta na iyalinta, ba magana ba ce. Ya ce ke kika karɓi alkawarin, ke kaɗai za ki mayar masa. Na ce me ya sa bai taɓa tuna miki ba? Ya ce don kada ki ce masa ya zo don kawai kina jin nauyinsa.

Ni lokacin ina goye, ban san komai ba. Kin tuna?

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Laraba da safe

Auta,

Da na karanta, cewa na yi ƙarya ne, ban taɓa faɗin haka ba. Ina cikin ɗaure takalmi sai abin ya dawo mini. Keken, da rigarsa da na jiƙa da hawaye, da fiton nan da har yanzu idan wani ya yi a cikin 'yan kallo sai gabana ya faɗi. Na faɗa. Washegari ma na manta, yaro ne fa. Shi kuma ya ɗauka ya riƙe duk shekarun nan. Wannan mutum, Allah ya bar mana shi.

Koci ta ga idona ta tambaya, na ce turaren ɗakin ne.

Amma ki saurare ni, kada ki ga baƙina. Mu 'yan wasa akwai abin da ba ma taɓawa ana tsakiyar gasa. Ni ba na taka farin layi idan zan shiga fili. Maijego safa ɗaya take wankewa ta mayar tun ranar farko. Ki yi dariya idan kina so. Duk wasan da na ci a rayuwata Baba ba ya kallo na ci shi. Gobe Doguwa ce. Idan na ɗaga kai na gan shi na ruɗe fa?

Ki bari in wuce gobe tukuna. Zagaye na gaba da kaina zan rubuta masa. Kada ki ce masa komai.

Yayarki

Ranar Laraba da yamma

Yaya,

Kin ce gaisuwata ta yi yawa, yau na rage.

Ban ce masa komai ba. Amma ya san na rubuta miki, don a teburinsa na rubuta. Yau da Mai Ƙanƙara ya kawo takardarki, Baba ya bar mutum da kumfa a fuska ya fito bakin ƙofa ya tambaye shi ko akwai tasa. Da aka ce babu, ya ce to madalla, ya koma. Farar rigarsa tana rataye bayan ƙofar shago a goge, cikin leda. Jiya ba ta wurin.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na sake karanta jaridar. Doguwa ba a ci ta ba tun farkon shekara. Ina yi miki addu'a kullum, amma wataƙila babu zagaye na gaba. Idan babu, kujerarsa ta zauna ba kowa ke nan, ke kuma kin ce daga nan filin jirgi. To wannan karon ba shi ya ƙi zuwa ba.

Jarida ta ce duk gari a kalle ki. Tsohon Soja da bai san raket ɗin buga ƙwallo daga matankaɗi ba yana kallonki. Wanda ya ɗaura miki igiya wuyan mutane yake kallo.

Ban taɓa yi miki musu ba. Idan kin ce a'a shi ke nan, amma ni ba zan iya kai masa "sai gaba" ba. Mai Ƙanƙara ya ce gobe da safe zai jira a ƙofar 'yan wasa har ƙanƙararsa ta fara narkewa.

Ki yafe mini idan na wuce wuri.

Auta

Ranar Alhamis da safe

Baba,

Ina kwana. Na mayar maka da alkawarinka, ka yafe mini daɗewar da ya yi a wurina. Ka zo yau. Fito ne kawai ban yarda ba.

'Yarka

Ranar Juma'a

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Na san an mayar miki da waya, amma ba kya ɗauka, kuma ni a takarda na fi iya magana.

Ke kina fili ba ki ga abin da na gani ba. Baba ya rufe shago, ya sa farar rigar. Da muka zauna ya naɗe hankicinsa ya cusa tsakanin haƙoransa, ya zauna a kan tafin hannayensa. Wata mata a bayanmu ta tambayi Mama ko haƙori ke damunsa. Mama ta ce e, ya daɗe yana fama.

Da Doguwa ta ɗauke turmin farko, ya cire hankicin ya ce da ni a hankali, "Kin gani ko? Tashi mu je." Ya miƙe. Na riƙe gefen rigarsa, amma ba ni na zaunar da shi ba. Ke ce, da kika juyo daga kujerarki kika nuna shi da raket, kika nuna ƙasa. Mutane suka yi ta waige suna neman wanda ake nunawa. Ya zauna kamar ɗan aji ɗaya.

Turmi na biyu da kika ci, hankicin ya yage. Na ukun da ta ɗauke ba sai na ba ki labari ba. Jaridar yau ta ce rabon da a wahalar da Doguwa haka an daɗe. Na san wannan ba ya rage zafi.

A hanyar gida muka iso kwanar shago. Nan ya ce ashe haka kike gudu, shi a wuyan mutane bai taɓa ganin gudun ba.

Ga takardarsa a cikin ƙunshin nan. Da kansa ya rubuta, ya hana ni gyara masa.

Ƙanwarki,
Auta

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Na gani, na gode.

Ga tawul ɗin madubi. Idan kin ga kallona ne ya jawo, ki ba Mai Ƙanƙara ya dawo mini da shi in mayar wurinsa, ba zan ji komai ba. Idan ba haka ba ne, ki riƙe ki riƙa goge gumi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Baba,

Doguwa ce ta jawo, ita da dogon hannunta. Tawul ɗin warin man aski yake yi, amma na sa a jaka.

A ce wa Auta ta kwashe littattafanta daga kan gadona. Ina nan tafe da yamma.

'Yarka