A Sayar da Babbar Kyamara, a Sayo wa Raihanatu Ƙarama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni ce Yalwa 'yar Sambo, matar marigayi Aminu mai hoto, mazauniyar Jega. Ina rubuta wannan da hannuna, da katako bisa cinyata, cikin cikakken hankalina, ba wanda ya tilasta mini. Ƙafafuna ne suka mutu, kaina bai mutu ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce daga baya zafin ciwo ne ya sa Inna surutu. Zuwa gare ku 'ya'yana, Muntari da Raihanatu da Mubarak.

Numfashina ya fara gajarta, abinci ba ya zama. Zuwan likita na ƙarshe, fuskar Muntari ya kalla, bai kalle ni ba. Na gane. Saboda haka ku karanta da natsuwa, kada ku tsallake wurin da bai yi muku daɗi ba.

Na ɗaya. Ku ji tsoron Allah, ku tsare salla a kan lokacinta. Mubarak, da kai nake: lodin albasa a Aliero ba uzuri ba ne na haɗa Azahar da Magariba. Bashi ba ni da shi a kan kowa, ba kuma mai bina. Wankana na bar wa ƙanwata Iklima da Khairiyya matar Muntari. Kada a yi mini kururuwa.

Na biyu. Gidan nan da gonar Birnin Malam, a raba muku yadda shari'a ta ce. Ba ni sa baki a abin da Allah Ya riga Ya raba. Tufafina da kwanonina na Iklima ne. Keken guragun da kuka sayo mini, wanda bai iya wuce dokin ƙofar ɗakin nan sai an ɗaga shi, a ba wanda ƙofarsa ta fi tawa faɗi.

Na uku. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. A ciki akwai tsofaffin fina-finan hoto da katunan kyamara na matan da ba su zo sun karɓi nasu ba. Kowane yana cikin leda da sunan gidansa. Ba gado ba ne, amana ce. Raihanatu kaɗai za ta buɗe shi. Wadda ke raye a kai mata nata hannu da hannu. Wadda ta rasu a ba ɗiyarta mace. In babu, a ƙona. Namiji ko ɗaya kada ya leƙa, har ku da na haifa.

A nan sai na tuna muku yadda sana'ar nan ta samo asali, don na lura kun manta. Mahaifinku yana da shagon hoto a bakin kasuwa, amma iyakarsa zaure. Duk abin da ke faruwa a cikin gida ranar suna ko ranar biki, idonsa ba ya kai wa, kuma bai kamata ya kai ba. Da ya ga na gama sakandare, ina iya karanta takardar da ke zuwa da kyamara, sai ya koya mini. Na shiga ɗakunan mata daga Jega har Maiyama, daga Aliero har rugagen bayan Jandutsi. Mata sun tuɓe mayafi a gabana, sun yi dariya da bakinsu duka, sun miƙo mini jariran da ko kakanninsu maza ba su gani ba tukuna. Ba don na fi kowa iya hoto ba ne. Don ina da doka guda ce: abin da aka ɗauka a ɗakin mace, nata ne. Zamanin fim, ni nake tsayawa a wanke, in haɗa mata da fim ɗin. Da kati ya zo, kowane gida da katinsa, in an wanke a mayar mata. Da wannan dokar kuka ci, kuka yi makaranta.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Babbar kyamarata, baƙar nan mai dogon baki, da fitilarta da jakarta da ƙafafun ƙarfenta, a sayar da su duka. Da abin da aka samu a sayo ƙarama, mara nauyi, ta tafiya, a ba Raihanatu.

Kun san abin da babbar ta yi mini. Ina dawowa daga suna a Maiyama a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, jakar na rataye a kafaɗata ta hagu, ya kauce wa rami, nauyin jakar ya fizge ni ƙasa. Na faɗi da baya, na rungume ta a ƙirji. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni kuwa tun ranar ban sake taka ƙasa ba. Ƙaddara ce, na karɓa, ba ni jayayya da Ubangijina. Amma Allah bai ce in miƙa wa ɗiyata abin da ya kayar da ni ba.

Tun daga ranar duniyata ta koma tagar nan guda. Katangar maƙwabci nake gani, da kan bishiyar dogon yaro, da ɗan yankin sama wanda bai fi faifai ba. Lokacin cirar albasa a hanci nake gane shi, in manyan motoci sun fara wucewa. Ranar kasuwa a kunne nake gane ta. Macen da ta san kowace kwanar hanya tsakanin garuruwan nan uku, yau ba ta iya juyawa ɓangaren dama sai an juya ta.

Kuma ba ni kaɗai aka rufe a ɗakin nan ba. Ku maza kuna shigowa ku gaishe ni a tsaye, ku ajiye leda, ku fita ku sha iska. Raihanatu tun da ta gama takabar mijinta ta dawo gida, muna fita aiki tare, hannunta har ya fi nawa natsuwa. Da na faɗi, ta faɗi tare da ni. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni, ita ke fitar da abin da ba a faɗa. Rabonta da ƙofar gida, sai in magani ya ƙare. Ina kallonta tana tsayawa bakin tagar nan in ta ji ƙarar babur, sannan ta koma ta ɗauki tsintsiya. Ba ta taɓa yi mini tsaki ba. Wannan ya fi ciwon bayana yi mini ciwo.

Na biyar. Yadda za a zaɓi ƙaramar. Na rubuta dalla-dalla don na san halin masu shago, kuma na san halinku.

Raihanatu ce za ta zaɓa, da hannunta. Mubarak ya raka ta Sakkwato, ya riƙe mata jaka, ya kama bakinsa. Wuyan da zai ɗauka shi ke da magana.

Nauyinta kada ya wuce na manyan albasa biyu. Ta rataya ta a wuya, ta sako hijabi a kai, ta zaga layin shagunan ta dawo. In tana tafiya tana tuna cewa akwai abu a wuyanta, ta yi nauyi, a mayar. Ta kasance mai ɗaukuwa da hannu guda, domin a bayan babur ɗaya hannun na ƙarfen riƙo ne. A rataye ta a gaba, tsakiyar ƙirji, ba a kafaɗa ba. Wannan da bayana na saye shi, na ba ku kyauta.

Kada a sayo mai cire baki ana sauya wani. Duk buɗewa ƙasar hanya ce ke shiga, kuma kowane baki ƙarin kaya ne. Mai baki guda, wanda ke komawa ciki in an kashe, ta isa.

Ɗakunan matanmu duhu gare su, kuma ba a haska wa jariri fitila a ido. A shagon, ta sa a tura ƙofa, ta ɗauki tafin hannunta ba tare da fitila ba. In zanen hannu ya fito, ta yi. In ya fito kamar an shafa toka, ko mai shago ya rantse miki, a bar mishi abarsa.

Batirinta ya zama mai shan caji da irin wayar da ake cajin salula, kuma a sayo na biyu. A ƙauye ba wanda zai ɗage suna don batir ya mutu. Ta kasance ba ta ƙara in an danna, don tsofaffi na daskarewa da sun ji ƙarar. Ta kasance da allo a baya, mace ta ga kanta nan take, wanda ba ta so a goge a gabanta. Katinta mai fita ne, a sayo da yawa. In tana da hanyar tura hoto cikin waya ta iska, a kashe wannan tun a shago. Ta hannu ba abin kunya ba ce in tana da lafiya.

Mubarak, na ji ka ce wayar zamani ta isa, a bar wahala. Kai da bakinka kake faɗa, kai da hoton kowa ke yawo a wayarka. Hoton da ya shiga waya ya shiga kasuwa. Matan da suka yarda da gidan nan sun yarda ne don suna ganin katinsu ya fita daga kyamara ya shiga tafin hannunsu. Ranar da Raihanatu ta ɗaga waya a ɗakin mace, ranar ce za a fara jawo mayafi.

Muntari, kai kuma ka ce ƙaramar kyamara abin wasan yara ce, mutane girman kyamara suke girmamawa, kuma kana son babbar don taron maza. Gaskiyarka a zaure. Maza ne ke kallon girman kyamara. Matan cikin gida wadda ta riƙo ta suke kallo. Kana da ta shago, tana ciyar da kai. Kwaɗayi ne kawai, kuma ban haife ka don in yi maka shiru a kansa ba.

Na shida. Na aika an tambayi malamin unguwa. Ya ce wasiyya ga mai gado ba ta tsayawa sai da yardar sauran magada, kuma kyautar mai ciwon ajali hukuncinta ke nan. Ban yi gardama ba, shari'a ce. Ashe ko a cikin takardata ma a ɗaure nake. Kyamarar da na saya da gumina, na biya da ƙafafuna, ba ni da ikon in ba ɗiyata sai kun ce to. Saboda haka wannan ba umarni ba ne, Muntari, duk da na saba ba ka umarni. Roƙo ne. Ban taɓa roƙon ka komai ba. Ku biyu ku je gaban malam da Iklima ku furta yardarku, yanzu da raina, sannan ku maimaita ta bayan an rufe ni. Wanda ya janye, ba ni da ƙafar da zan biyo shi, amma Allah na gani.

Na bakwai. Gabar da ke tsakaninka da ƙanwarka ta ƙare. Katangar ɗakin nan ba ta da kauri. Na ji lokacin da ka ce in na rasu za ta koma gidanka ta taya Khairiyya renon yara, kamar ana maganar tabarma. Tun ranar gaisuwarku ta koma ta baƙi. Niyyarka ta riƙo ce, na sani, amma wanda ya fito daga ɗaki guda ba a yi mishi alheri da wani ɗakin. Ta zauna a rabonta na gidan nan, ta yi sana'arta. In aure ya zo mata wanda take so, ka tsaya mata. Ke kuma Raihanatu, yayanki ne. Ki gaishe shi da sunan da kika saba, ki sanar da shi duk inda za ki, ki dawo kafin rana ta faɗi, ki tsare mutuncinki a hanya. Ban buɗe miki ƙofa don ki zubar da sunan gidan nan ba.

Na takwas. Kada a jira mutuwata. A wannan makon za a yi. Akwai tsohuwa Gudiya a rugar bayan Jandutsi, wadda na ɗauki hoton bikin sunan 'ya'yanta da na jikokinta. Ta yi ta aiko mini cewa tana son hoto guda da dukan zuriyarta mata kafin shanu su tashi, kuma ba ta yarda da kowa ba sai gidan Yalwa. Ta tsufa, ba ta da lokacin jira, kamar ni. Can ne aikin farko na ƙaramar. Daga can Raihanatu ta biya ta Aliero, ta ɗauko mini hoton tulin albasa a gona da sararin sama mai faɗi, a kati daban, wanda ba amanar kowa a ciki. Ina so in ga abin da nake shaƙa.

Ranar da ta fita, ku ne za ku zauna da ni, ba a tsaye ba. Iklima da Khairiyya su juya ni, ku ku riƙe mini kofi. Ku ɗanɗana wuni guda a gaban tagar nan.

In ta dawo ta same ni, alhamdu lillahi, zan sa tabarau in duba, kuma in hoton ya karkace zan faɗa mata. In kuwa lokacina ya zo tana hanya, kada wanda ya kira ta. Ku bari ta gama da Gudiya, ta miƙa mata katinta. Ku yi mini sutura, kada ku jinkirta. Kuma har abada kada wani ya ce mata Inna ta cika ba ki nan. Ta kasance nan fiye da kowa. Ni na aike ta.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini kaifin harshena. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya tsare ku a hanya da gida. Ku riƙe juna, ku ci abinci a kwano guda ko da ranar Salla ce kaɗai. Muntari, kai ne babba: ƙofar gidan nan a hannunka take. Ka riƙe ta a buɗe.

Mahaifiyarku,
Yalwa 'yar Sambo, Jega.