Tutar Marina da Ka Cire Daga Igiyar Shanya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwarmu, Arawa, Gombe.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina yi maka barka da nasarar da ka samu ranar Talata, da ka jagoranci mutum shida da gorori kuka kama ƙyalle a kan igiyar shanyar mahaifina. Ƙyallen bai yi gardama ba, ka kuwa ɗora shi a kan motarka ka zagaya unguwa kana cewa ka kama tutar masu tayar da bam.

Na ɗaya, tutar marina ce, kuma shuɗiya ce, ba baƙa ba. Tun zamanin kakana, duk ƙarshen damina ake tsoma ta a ruwan baban rini sau ɗaya a shanya. Da launin sararin sama ta fara, shekaru ne suka sa ta yi duhu. Da ka ɗaga ta a rana da ka gani, amma ina ka ga lokaci, jama'a na tafa maka.

Na biyu, farin gefen na masaƙa ne, jan zaren kuma na dukawa, don tare da marina suke fita da ita. Rubutun jikinta da ya firgita ka sunayen marinan da suka rasu ne, da ajami. Wallahi na ji kunya a madadinka, mutum da rawani haka.

Na san tsoron da ake ciki. Ni ma sai an laluba ni kafin in shiga kasuwa, ban taɓa ƙorafi ba. Amma mai unguwa ya duba tutar ya ce ba komai, kai kuma ka kulle ta a ofis, ka bar tsoho da sunan da ka liƙa masa.

Baba ya haura saba'in. Masu kawo rini sun ɗauke ƙafa, ya haƙura. Abin da ke hana shi cin abinci shi ne masallaci: yanzu in an tayar da salla, sai a bar gurbin mutum guda tsakaninsa da na kusa da shi.

Ka dawo da tutar da rana tsaka, a kan motar da ta tafi da ita. Sannan gobe da azahar ka zo ka tsaya a gurbin nan, kafaɗarka na taɓa tasa.

Allah ya ƙara maka gani, ya zaunar da garinmu lafiya.

Wassalam.
Ɗan marini, Arawa.