Kududdufin Ɗantani

Litinin, 12 ga Oktoba, 1998

Shekara goma sha huɗu da wata shida ke nan da aka karanto sunana a rediyo cikin waɗanda aka sallama daga aiki. Isyaku Lawal, duba-gari. Shekara ashirin da biyu ina leƙa randunan mutane da kwatocinsu, ko takardar tuhuma ba a ba ni ba. Daga baya na ji wasu 'yan unguwar nan ne suka kai ƙara, wai ina fasa wa mata tukwane. Uku na taɓa fasawa, ukun duk fal suke da tsutsar sauro. Ranar da aka kore ni babu wanda ya shigo soron nan ya ce mini sannu. Ban manta ba.

Yau kuma ga shela a fito rajista, soja za su koma bariki, za a fara da zaɓen ciyaman da kansiloli. Mun sha jin irinta. Yaya 'Yardada ce ta sa ni gaba sai da na raka ta, tunda na je ni ma na karɓi katin. Ta ce in ajiye shi inda ɓera ba zai ci ba, tunda ni ban san amfaninsa ba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan take juya ni kamar har yanzu ina goye a bayanta.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Mutum biyu ne suke neman kansilan mazaɓarmu. Alhaji Tanko mai yadi a kasuwar Kwari, da Malam Usaini Sabo, malamin firamare, wanda na san ranar sunansa. Fastar Alhaji har a jikin katangata. Ban cire ba.

Alkawarin Alhaji guda ɗaya ne: zai sa a cike kududdufin Ɗantani, a yi shaguna. Unguwa ta ɗauka. Ba na ganin laifinsu duka. Wari, sauro, ga ɗan ƙanen Alhaji da ya faɗa ciki shekara biyu da suka wuce, sai gawa aka tsamo. Usaini shi yashewa yake cewa a yi, a kewaye da katanga. Wa zai yi tafi don an ce za a yashe rami?

Asabar, 7 ga Nuwamba

Na ciro taswirar magudanan ruwan unguwa daga ƙarƙashin gado. Ni na zana ta a 1971, da hannuna, lungu-lungu, ina bin ruwa da ƙafa cikin damina. Kwatoci goma sha ɗaya ne suke zuba a kududdufin nan, har da biyu masu gangarowa daga sama. Kakanninmu a nan suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen, ramin da ya rage shi yake shanye ruwan da zai rushe su. In aka cike shi ba a yi wa ruwan hanya ba, layinmu ne mafi kwari. Ɗakin Yaya kuwa shi ne a jikin katangar baya.

Na naɗe na mayar. Su je su gani.

Laraba, 18 ga Nuwamba

Usaini ya zo bayan la'asar, ya durƙusa har ƙasa kamar yana gaban ubansa. Ya ce mai unguwa zai tara magidanta a soronsa ranar Juma'a ta sama, a tsayar da wanda unguwa za ta bi, kamar yadda aka saba. Shi in ya yi maganar ruwa sai a ce neman kujera yake. Ya roƙe ni in zo da taswirar.

Na ce su da suka shaida ban san aikina ba?

Ya ce, "Baba, rabin waɗanda suka yi maka haka suna makabarta. Waɗanda ruwan zai ci ba su san zancen ba."

Na ce masa na ji. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Yaya tana bayan ƙofa ashe. Yana fita ta ce, Malam Duba-gari, ka leƙa randar kowa, taka ce kawai ba ka taɓa buɗewa ba.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Shekara uku yau da rasuwar matata Zuwaira.

Abin da ban gaya wa Usaini ba. Safiyar da ta cika ina zaune a dokin ƙofa, ban san ta ina zan fara ba, gidan ba komai. Kafin in miƙe sai ga likkafani daga gidan Alhaji Tanko, alawayyo mai kyau, har da turare. Haka yake yi wa kowane gidan da aka yi rashi a unguwarmu ta Zaitawa, shekara da shekaru, tun ba a zancen siyasa. Ya bi mu har makabarta, ya riƙe makara. Bai taɓa tuna mini ba ko da wasa. Da ya taɓa gorantawa da na sami sauƙi.

A cikin yadinsa matata take kwance. Ta yaya zan tashi gaban mutane in ce maganarsa ba daidai ba ce?

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Na je. Taswirar na cikin aljihun babbar riga, har tana sukar haƙarƙarina.

Magidanta sun kai sittin, wasu a waje. Alhaji ya yi magana a hankali, ya ambaci yaron da ya nutse, muryarsa ta karye. Ya ce kwalbati za a fara yi kafin a zuba ko tifa ɗaya. Usaini ya yi tasa, ana ta hira a bayansa. Wani ya ce malamin makaranta ko akuya bai taɓa yanka wa unguwa ba, aka yi dariya. Sai mai unguwa ya juyo ya ce ga Malam Isyaku nan, shi ya san ƙasar nan, in an cike ruwa zai sami hanya?

Alhaji ya dube ni yana murmushi, irin na wanda bai taɓa zaton sharri daga gare ka ba. Can gefe na hango mutum biyu cikin waɗanda na tabbata da hannunsu a ƙarata, sun tsufa, suna jiran abin da zan ce.

Na ce, "Allah ne masani."

Aka shafa fatiha a kan Alhaji. Usaini bai dube ni ba da za a fita.

Asabar, 5 ga Disamba

An tantance mu da safe, aka ce a dawo a jefa. Ba irin layin 1990 ba ne da kowa yake tsayawa bayan hoton ɗan takararsa unguwa tana kallo. Yau kwali aka kafa, kai kaɗai ne da takarda da tawada. Ba mai ganina. Na tsaya har ma'aikacin ya ce Baba a hanzarta. Na dangwala wa jam'iyyar Alhaji, ciyaman da kansila duka.

A hanya Yaya, tana dogara sanda, ta ce ita ɗan Sabo ta yi wa. Ta dubi babban yatsana ta ce ba sai na faɗa ba.

"Zuwaira ba ta ce ka biya mata da gidan ubanmu ba, Isiya."

Rabon da ta kira ni da sunan nan tun muna yara.

Lahadi, 6 ga Disamba

Alhaji ya ci da ƙuri'a arba'in da ɗaya. Tawa ɗaya ce. Ɗaya ba ta kai arba'in da ɗaya ba. Sau uku na rubuta wannan a raina yau.

Talata, 19 ga Janairu, 1999

Sallah. Alhaji ya aiko da shadda yadi biyar. Yaya ta ce a ba mai wanki.

Asabar, 29 ga Mayu

Soja sun miƙa mulki. Ana ta harbin bindigar wasa a titi. Rediyo na kashe.

Laraba, 23 ga Yuni

Tifa ta fara zuba ƙasa da shara a kududdufi. Bakwai na ƙirga kafin azahar. Ba kwalbati, ba alamarsa. Na tare Alhaji bayan sallar magariba, na tuna masa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce takardar kwalbatin tana ofis, sai an zauna a kanta, masu shaguna kuma sun matsa, tifa ce ta samu yanzu. Ya ce kafin ruwa ya yi ƙarfi an gama, in sha Allahu. Na ga alama ya yarda da abin da yake faɗa. Shi bai san ruwa ba, yadi ya sani. Ni ne na sani.

Na nuna masa taswirar a nan bakin masallaci, wata bakwai bayan lokacinta. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce ma sha Allah, aikin da, da kyau.

Litinin, 12 ga Yuli

An cike kashi biyu cikin uku. Har an fara jera bulo. Yara suna ƙwallo a inda da kwaɗi suke kuka. Mata suna sa wa Alhaji albarka, sauro ya ragu. Gaskiya ne, ya ragu.

Alhamis, 29 ga Yuli

Ruwan jiya bai fi na awa ɗaya ba, amma ya kwana a lungunmu har gwiwa. Gindin katangar baya ya jiƙe kamu uku, na auna. Na danna da yatsa, ya shiga.

Na ce wa Yaya ta koma ɗakin Zuwaira. Ta ce ɗakin da na kulle shekara uku da rabi, rufinsa yana yoyo kamar rariya? In gyara ta koma. Ta ƙara da cewa a ɗakin nan aka haife mu ni da ita, bai taɓa cin amanar kowa ba.

Ban so buɗe ɗakin ba. Gaskiyar ke nan. Mukullin yana nan a aljihuna.

Laraba, 4 ga Agusta

Na buɗe, bayan mukullin ya yi kwana shida a aljihuna. Kayanta suna nan yadda ta bar su, har carbinta a kan ƙusa. Azara biyu sun ruɓe. Magini ya ce aiki ya yi masa yawa, ko'ina katanga ce take tsagewa, sai Asabar ta sama.

Usaini yana bin gida-gida da matasa suna jera buhunan yashi. Sun zo namu ba tare da na kira su ba. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na fi son ya zage ni.

Laraba, 11 ga Agusta

Yaya ta ce in ta koma ɗakin, labulen Zuwaira za ta bari, ta fi ni sanin darajarsa. Ta dafa dambu. Mun ci tare a tsakar gida, tana ba ni labarin ranar da na faɗa kududdufin ina ɗan shekara biyar, ta jawo ni da ɗankwalinta, Inna ta zane mu mu biyu. Ni ban tuna ba. Ta ce dama ni ba na tuna alheri sai na likkafani. Ta yi dariya har da tari.

Asabar, 14 ga Agusta

Jiya. Tun hantsi ake ruwa. Na tafi masallacin Juma'a da lema, na bar ta tana kishingiɗe, ƙafarta na ciwo. Na ce ta fito soro, ta ce in na dawo.

Ana idar da sallah na ji ana cewa Zaitawa, Zaitawa. Ruwa har ƙugu a lungu. Katangar baya ta rufta kan ɗakin Yaya. Usaini da mutanensa ne suka tono ta da hannu.

Yau ne magini zai zo.

Lahadi, 15 ga Agusta

Ba zan iya ba yau.

Juma'a, 20 ga Agusta

Sadakar bakwai. Mutane sun watse, bari in rubuta abin da ban rubuta ba.

Ranar, tun ba a gama yi mata wanka ba, sai ga aike daga gidan Alhaji. Alawayyo mai kyau, har da turare. Shi da kansa yana tsaye a ƙofar soro, rigarsa duk laka, idonsa ja. Na karɓa, na riƙe, na miƙa masa a hannunsa. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka. Muna da shi." Soron cike da mutane. Wani ya ja numfashi. A Zaitawa ba a taɓa mayar da likkafani ba.

Nawa na ciro, wanda na ajiye wa kaina a akwati tun bayan Zuwaira. Ya ɗan yi mata tsawo.

Ba don in wulaƙanta shi na yi ba. Ban ma san don me na yi ba. Alhaji ya zo zaman makoki kullum, yana zama can ƙarshen tabarma.

Jiya mai unguwa ya ce za a rubuta takarda a kai ofis kan kwalbati, a haƙe abin da ya rage na ramin kafin ruwan Satumba. Aka rasa mai bayani. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shimfiɗa taswirar a ƙasa, na bi musu kwatocin ɗaya bayan ɗaya, sha ɗaya, da sandar Yaya. Na kuma gaya musu tun ranar taron Nuwamba tana aljihuna. Usaini ne ya danne gefen takardar da hannu don kada iska ta ɗauke. Ya ce ranar Asabar zai zo mu kwafe ta, ta fara cinyewa a lanƙwasa. Na ce ya zo da safe, idona ba ya gani da yamma.

Katin zaɓenta na tsinta cikin laka, a cikin gwangwanin da take ajiye allura. Ɓera bai ci ba. Na goge shi na haɗa da nawa.

Gida tara ne suka faɗi a layinmu. Mutum ɗaya aka rasa. 'Yardada Lawal, shekara saba'in da ɗaya, a ɗakin da aka haife ta.