Malam-buɗe-littafin Cokali

Sagir,

Na wuce aiki Sharaɗa. Ban tashe ka ba, don bakina ba alheri.

Cokulan robar nan da ka tsinto a ƙofar kamfaninku, ka manna musu fukafukai wai malam-buɗe-littafi, ko ɗauraye su ba ka yi ba. Da maiƙon miyarsu Nusaiba ta tura su ƙarƙashin filo. Kafin gari ya waye cinnaku sun cika shimfiɗar, wuyan yarinya ya yi ruɗu-ruɗu.

Ka ce so kake yara su san ƙwari. Sannu da ƙoƙari, ta san su.

In ka tashi ka shanya katifar, ka kwashe tarkacenka. An ce cinnaka bai san na gida ba. Ashe har da kawu.

Yayarka,
Aina'u