Turame Huɗu da Hannun Dama

Litinin, 3 ga Maris
Yau na gano bakin zaren. Wata biyar ke nan hannuna na dama yana 'yar rawa, ni da na shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo ko noti ban taɓa yarwa ba. Ƙanena ya zo shago ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wai cikon haƙori irin na da, mai ruwan toka, rabinsa zaiba ce, ruwan nan mai sheƙi na cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Mai bayanin ya ce tana kawo rawar hannu da mantuwa. Na ɗauko madubi na wangale baki. Huɗu! Tun ina saurayi suke zaune a turamena, ni ina can ina zargin tsufa. Ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Talata, 4 ga Maris
Uwar yara ta ce in fara ganin likitan jijiya. Na ce mata agogo in ya fara wasa da lokaci datti ne ya shige shi, a cire a huta. Ta ce ai ni ba agogo ba ne. Baki dai Allah ya ba ta.

Laraba, 12 ga Maris
Na je wurin likitar haƙori. Sa'ar 'yata ta fari ce, amma ta san aikinta. Ta ɗauki hoto, ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can. Ta ce ciko ɗaya ya tsage, shi kam dole a sake shi. Sauran ukun lafiyarsu lau. Wai tone cikon da ke zaune daram yakan ci wani ɓangare na haƙorin, kuma lokacin tonon ne ma tururin zaibar ya fi fita. Sai ta sa na miƙa hannuwana biyu, ta daɗe tana kallo.
"Baba, in ka nace zan cire. Amma ban yi maka alkawarin hannun nan zai daina ba. A je a duba shi."
Na ce 'yata, ke dai cire, sauran ki bar mini. Ta yi ajiyar zuciya irin wadda nake yi in mutum ya kawo agogo yana koya mini yadda zan gyara.

Talata, 18 ga Maris
Ciko biyu sun fita. Likitar ta shimfiɗa mini wata roba a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo, ga tiyo yana zuƙe ƙura, ga ruwa yana fesowa. Abin da ya burge ni yadda ta jera kayan aikinta a tire, kowanne da mazauninsa, tana ɗauka ba ta ko duba ba. Na dawo gida leɓe a mace, shayi na zuba ta gefe. Uwar yara ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta yi ta yi, ranar tawa dariyar na zuwa.

Alhamis, 20 ga Maris
Wallahi hannun ya yi sauƙi. Na haɗa agogon wani direban bas cikin minti ashirin. To, wa ya faɗa?

Talata, 1 ga Afrilu
Sauran biyun ma sun tafi. Baki fari tas. Na hagu yana tsami in na sha ruwan sanyi, likitar ta ce zai bari.

Laraba, 9 ga Afrilu
Wata malamar makaranta ta kawo agogon mahaifiyarta da ta rasu, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Wanki kawai yake so. Na sa hantsaki na kama siririyar wayar nan mai naɗi, wadda in babu ita agogo ba ya numfashi. Hannu ya fizga. Ta lanƙwashe. Irinta kuwa an daina yi tun tuni.
Na ce ta dawo mako mai zuwa. Na rufe shago da wuri, raina a ɓace. Amma ai gubar shekara arba'in ba ta fita a kwana takwas. Ƙanena ya ce sai an ba ta wata uku.

Asabar, 19 ga Afrilu
Na gaya wa malamar gaskiya. Da ta yi faɗa da ya fi mini. Cewa kawai ta yi, "Ba komai, Baba," ta naɗe abinta a hankici ta tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Uwar yara ta karɓo mini lamba wurin likitan jijiya, Alhamis ƙarfe tara. Ni ban aike ta ba. Zan je ne kawai don a bar ni in sha ruwa. Ina nan a kan bakana, zaibar ce.
Sai dai ɗazu ina motsa shayi, cokali na ta ƙara a jikin kofi, na tuna inda na san ƙarar nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a shekarunsa na ƙarshe. Shi ma da dama ya fara. Ya koma ga Allah da haƙoransa talatin da biyu, babu ciko ko ɗaya.
Na tambayi uwar yara ko an ce a je ba a karya kumallo ba.